Giɓin Kulu

Kwana huɗu da faɗuwar haƙorin Kulu,
ni ban sani ba.
Ta jefa shi bisa rufin ɗakin Inno,
tana yawo da hannu a baki
don kada ƙadangare ya ga giɓin
sabon ya ƙi fitowa.
Ƙadangarun Runjin Sambo duk ta ɓoye musu.
Ni kuwa ba ta sha wahalar ɓoye mini ba,
kaina a sunkuye yake.

Gyaran waya nake yi a bakin kasuwa.
Tun hantsi ina buɗe cikin wayoyin mutane,
in liƙa gilashi, in sauya batir,
in farfaɗo da wadda ta suma a ruwa.
In na dawo gida sai in buɗe tawa,
ita kuma ta rufe ni.

Luba ta aje tuwo, miyar kuka da man shanu.
Dama na kai loma,
babban yatsan hagu na ta tura duniya sama.
Na san wanda ya zagi wani a garin da ban taɓa zuwa ba,
na san mai kuka, na san mai rawa,
na san farashin motar da ba zan saya ba.
Ban san ko miyar ta ji gishiri ba.

Ran Talata, a sahun Magariba,
goshina na ƙasa
ta motsa a aljihu kamar ɗan tsako.
Jikina ya ƙarasa sujada,
zuciyata ta tafi duba ko wane ne.
Da aka sallame, Malam Jabbi ya ce,
"Ka ji daɗin surar nan?"
Na ce, "Ƙwarai."
Har yau ban san wadda liman ya ja ba.

Daren nan babu wuta, ga zafin bazara,
kowa ya fito da tabarma tsakar gida.
Inno na fifita, ta dube ni ta ce,
"Haliru, mi kaka biɗa cikin abin ga da ba ya ƙarewa?
Ɗiyakka ta yi giɓi.
Mu da munka haihe ka,
sai mun yi sallama kamin mu ga idonka."

Na haska fuskar Kulu da fitilar wayar.
Ta yi dariya, ta manta ba ta rufe baki ba.
Ga ƙofa nan a buɗe, 'yar ƙarama,
kwana huɗu ina wuce ta.

Akwai wata kwalla a ɗakin Inno,
tun ta aurenta, fentin ya ɓare a gefe,
da can goro ake ajewa a ciki.
Yanzu in ladan ya ɗaga murya
nan nake sa ta, in mayar da murfi,
sai Kulu ta yi barci.

Ba zan yi ƙarya ba, daren farko sau biyu na buɗe.
Hannuna na ta komawa aljihu
yadda harshen Kulu ke komawa giɓinta,
yana neman abin da ya san ba ya nan.
Can cikin kwalla tana gurnani
kamar buzuzun da aka kife da ƙwarya.
Na bar ta.

Ashe Luba in tana tsince shinkafa magana take da kanta.
Ashe Inno ta rage cin abinci.
Ashe tsakanin Magariba da Lisha
akwai fili da zai ɗauki izu guda
har ya rage na tatsuniya.

Jiya Kulu ta kama haɓata da hannu biyu,
ta ce, "Baba, duba."
Wani ɗan fari ya leƙo daga dasashi
kamar jinjirin wata.
Ta ce, "Kai na fara nuna wa.
Kada ka gaya wa ƙadangare."